Shekarar da Na Kawo Sikeli Bakin Tafki

Da za a ba ni dama in warware abu ɗaya cikin abin da na saƙa a rayuwata, ba aikin da na yi wa Mishan zan warware ba. Na san abin da waɗansunku ke jira ke nan, domin tun kuna ƙanana ake yi muku gori da shi, ana ce muku 'ya'yan yaron Fada. Wannan kam ban yi nadamarsa ba, kuma ba zan yi ba ko a gaban wa. Abin da nake so a ce ban yi ba ya shafi wata tsohuwa ce mai suna Inna Laraba. Kun sha jin sunanta a bakin mutane, amma ba ku taɓa jin sa a bakina ba, kuma rashin jin nan shi ne laifina.

A lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Ruwan dam ya riga ya haɗiye gungunan da mutanenmu ke noman albasa, an kwaso su an zuba a gidajen gwamnati masu zafi kamar tanda. Gona ta ragu, kifi ya yi yawa, sai kusan kowace mace a bakin tafki ta koma yin banda. Masunta su kamo, mata su ƙyafe, dillalai su zo daga nesa su kwashe a kan farashin da suka ga dama. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi shekaru ina bin motocin kifi zuwa Badun da Anacha, na san inda ake cin riba da inda ake cin mutane. A nan ne wani Fada, wato limamin coci, Bature dogo mai jin Hausa da ɗan Kambarci, ya buɗe makarantar koyon kasuwanci kusa da Wara. Aji biyu ne da keken rubutu uku da rumfar banda a baya. Ɗalibai akwai 'ya'yan Kambari da Gungawa da Sarkawa da Hausawa, masu salla da masu zuwa coci da waɗanda ba sa yin ko ɗaya. Mutanen gari suka raɗa mata suna Jami'ar Fada don ba'a, sunan kuwa ya bi ta har ta tsufa. Da Fada ya kira ni ya ce yana so in shugabance ta, na ɗauka bai san wanda yake magana da shi ba.

"Fada, ni fa Musulmi ne, kuma takardata ta firamare ce."

"Na san duka biyun, Malam Umaru. Masu takarda ina da su, ba wanda ya taɓa sayar da ko wutsiyar tarwaɗa a cikinsu. Salla kuma ga inuwar mangwaro can, ba mai hana ka."

Na karɓa. Washegari da safe na shiga gidanmu gaida Innarmu, na tarar labari ya riga ni. Yayana Bawa, wanda shi ke kiran salla a masallacin unguwarmu, yana zaune yana shan koko.

"A'a, Shugaban Jami'a! A shimfiɗa tabarma, mai ilimi ya iso."

"Ina kwana, Yaya."

"Lahiya lau. Sun rataya ma sarƙar gicciyen, ko sai ka yi wata ukku?"

"Albashi sunka ba ni, Yaya, da alli."

"Da alli aka farawa."

Inna ta ce daga ƙofar ɗaki, "Bawa, bar ƙanenka shi sha kokonai. Kai da ba a taɓa ba ko gadin awaki ba, mi ka sani ga shugabanci?"

Aka yi dariya, amma Yaya bai yi ba. Daga ranar nan muka shiga wani irin yaƙi da ba a ɗaga murya, ni da shi, kuma rabin gari yana bayansa. Ina so ku rubuta wannan ku ajiye: duk shekarun da na yi a makarantar nan, ba a taɓa ce mini in shiga coci ba, ban taɓa barin salla ta wuce ni ba. Ƙararrawarsu ta kaɗa su shiga, ni in ɗauki butata in nufi gindin mangwaro da ɗalibaina masu salla. In azumi ya zo Fada da kansa yake matso da darussa zuwa safiya. Masu cewa na sayar da addinina, da yawansu sun zo da ƙafarsu daga baya suna roƙo in ɗauki 'ya'yansu, na kuma ɗauka ban tuna musu ba. Yau ne nake tunawa.

Inna Laraba ita ce malamar banda. Bagunga ce, gungun da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwa, kuma tana nan a kan addinin iyayenta, ba ta bin mu ba ta bin Fada. Ba ta san ko bihim ba, amma Fada ya sa ana biyan ta kamar kowane malami. In aka kawo banda, sai ta ɗauki kifi ta ƙwanƙwasa shi a kan awarwaronta ta saurara, ta danna bayan kai da babban yatsa, ta buɗe kunnen kifin ta shinshina. Daga nan sai ta gaya maka kwana nawa ya yi a kan wuta, da irin iccen da aka ƙyafe shi da shi, da ko zai kai Badun lafiya. Ɗalibai suna yi mata dariya a bayan ido suna kwaikwayon yadda take murɗa hanci. Ni kuwa ba ta taɓa kira na da sunan muƙami ba, sai dai ɗan nan.

Manyan Fada da ke can sama sun ba mu shekara ɗaya mu nuna makarantar za ta iya tsayawa da ƙafarta, in ba haka ba a rufe. Sai muka shirya cewa makaranta za ta riƙa sayen banda daga hannun mata, ɗalibai su tantance su shirya a kwali, mu cika mota guda mu kai wa wata babbar 'yar kasuwa a Badun. Ta yi alkawari in kayan farko sun yi kyau, za ta riƙa karɓa kowane wata. Makarantar duka ta rataya a kan motar nan ɗaya.

Sikeli kuwa ni na nema, ba Fada ba. Wannan ma a gyara shi, don an daɗe ana ɗora masa. Na ga yadda dillalai ke yi wa mata: a zo da kwandon da aka buɗa cikinsa, a tula har ya yi tozo, a ce a ƙara gyara, a kuma ƙara gyaran gyara. Mace ta kwana uku a cikin hayaƙi, idonta ya yi ja, a ba ta abin da bai kai kuɗin icce ba. Na ce mu a makarantarmu da kilo za mu saya, allurar sikeli ta faɗi gaskiya, ba tozo ba gyara. Har yau ina cewa niyyar mai kyau ce. Inda na ɓata shi ne, ranar Juma'a bayan an idar da salla, na tsaya a ƙofar masallaci a gaban Yaya da abokansa na ce, ku da ke cewa na bi kafirai, ku zo ku ga wanda ke bin umarnin Allah na auna wa mutane da adalci. Daga ranar nan sikelin ya daina zama ƙarfe, ya zama mutuncina. Wanda ya taɓa shi ya taɓa ni.

Makonnin farko mata suka yi ta tururuwa, har daga ƙauyukan Ngaski na tudu ake zuwa kallon allura. Dillalai suka zauna suna korar ƙuda. Ina tafiya a gari ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai wata rana da hantsi Inna Laraba ta same ni a ofis, ta ajiye mini tarwaɗa biyu a kan tebur, duka baƙaƙe ƙirin.

"Ɗan nan, ƙarfen ga naka ruwa shika saye."

"Wane ruwa kuma, Inna?"

"Wanga ya kwana ukku bisa wuta. Wanga kwana guda, an sa mai ɗanyen haki don fata ta yi baƙi da wuri. Ɗaga ka ji wane ya fi nauyi."

Na ɗaga. Mai kwana ɗayan ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

"Matan ga ba wawaye ba ne," in ji ta. "Icce ya ragu, wahala ta ragu, allura ta hau. Ko ni ce da marayu a ɗaki haka zan yi. Da, mai bushewa aka yabo. Yanzu ka koya musu mai bushewa shi ad da hasara."

Na gane maganarta tun ba ta rufe baki ba. Kada wani ya ce muku ban gane ba. Shekarata nawa ina bin motar kifi? Amma abin da ya zo mini a rai ba kifi ba ne, fuskar Yaya ce. Na ce mata zan duba, na sa kifin a aljihun tebur, ban duba komai ba.

Ranar kasuwar da za mu yi sayen ƙarshe kafin a yi lodi, Yaya ya zo da abokansa suka tsaya a bakin shinge, wai sun zo ganin adalci. Mata sun yi layi da kwanduna, ɗalibai suna aunawa. Inna Laraba ta tsaya gaban sikeli, duk kwandon da ya zo sai ta ƙwanƙwasa ta shinshina ta ce a koma da shi wuta. Ta mayar da ɗaya, ta mayar da biyu, ta mayar da biyar. Mata suka kaure da hayaniya, wata tana cewa an ce allura ce alƙali, yanzu kuma ga wata alƙaliya. Sai na ji muryar Yaya daga shinge.

"Ashe sikelin adalci na da uwar ɗaki! Umaru, ita aka tambaya ko allurar?"

Abokansa suka fashe da dariya. Na taka har gaban tsohuwar nan, gaban ɗalibai, gaban matan da ta girme wa iyayensu, na ce:

"Inna, nan makaranta ce. Abin da ba a iya rubutawa a allo ba mu koyar da shi. Ki koma madafa ki taya masu dafa abincin ɗalibai, can ake bukatar hanci."

Ta dubi kifin da ke hannunta, ta mayar da shi cikin kwando a hankali, ta goge hannu a zanenta.

"To, Hedimasta."

Ba ta je madafa ba, gida ta tafi. Muka auna duk kwandunan da ta mayar. Da la'asar na koma gida, uwarku Hajo tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, an ce ka tura Inna Laraba madafa."

"Aikin makaranta ne, Hajo, ba ruwanki."

"Ba ruwana kam. Ni dai na sayi irin bandar da kuka tara, na ɓare in sa a miya, cikinta fari fat da laushi kamar ɗanwake. Kaji na ba."

"To ki riƙa saye wurin dillalai."

"Ai su ma sun daina saye. Kai kaɗai ka rage."

Na ɗauki buta na fita. Allah ya aiko mini gargaɗi sau biyu, duka ta bakin mata, na toshe kunne sau biyu.

Ni na raka motar. Bazara ce, an lulluɓe kwalaye da tamfal, rana tana dukansa. Kafin mu kai Jebba ƙudaje sun fara bin mu, in mun tsaya shan mai mutane su ja da baya. Direba ya dube ni ya ce, Malam, gawa munka ɗauko ba ka gaya mini ba? A Badun matar nan ta sa aka buɗe kwali uku, ɗaya daga gaba, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga baya. Tsutsa ce take motsi kamar shinkafa a tafasasshen ruwa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya da 'yar Hausarta ko ni ne malamin da ke koya wa yara kasuwanci. Na ce ni ne. Ta ce Allah ya taimaki yaran. Abin da muka tsinta mai kyau bai cika kwali goma ba, sauran a juji muka zuba, har sai da muka biya masu shara.

Da na dawo na tarar gari ya riga ya yanke hukunci, kuma hukunci biyu ne. Ɓangaren Yaya suna cewa kifin coci ne, albarka ta gudu. Shi da kansa ya ce mini ko kifi ya ƙi bin ka, Umaru. Wannan bai dame ni ba, na saba. Na biyun ne mugun. Aka ce tsohuwar Bagunga ce ta yi wa kayan baki saboda na kore ta, ai kowa ya san irinsu da iskokin ruwa. Matan da suka sayar mana da ɗanyen kifi su suka fi ɗaga murya, don maganar ta wanke su. Ni kuma na yi shiru, don maganar ta wanke sikelina. Ban taɓa cewa ita ce ba. In an tambaye ni sai in ce Allah ne masani, kuma na san sarai yadda ake fassara wannan. Aka daina sayen bandarta. In ta ajiye kwando a rumfa, na kusa da ita su matsa. Yara suka fara jifan rufin ɗakinta. Kafin wata ya ƙare ta ɗaure kayanta ta shiga jirgi ta koma wurin 'yarta a ƙasar Shanga.

Sai da ta tafi na shiga ofishin Fada na gaya masa komai, har kifin da na ɓoye a aljihun tebur. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Na ji, Malam Umaru. Amma ba rufin ɗakina aka jefa ba."

Ya je ya roƙi manyansa suka ƙara mana shekara. Ban jefar da sikeli ba, kuma ban ajiye aiki ba, ko da yake gari ya zuba ido yana jira. Muka sa doka sai an ɓare kifi an duba kafin ya hau ƙugiyar sikeli, wanda ya fi bushewa a ƙara masa farashi. Matar Badun ba ta sake karɓar kayanmu ba, sai ƙananan 'yan kasuwa muka lallaɓa da kwali biyar, kwali goma. Makarantar ta rayu, ta yaye mutanen da yau suke da shaguna daga Yelwa har Kwantagora. Masu cewa albarka ta gudu, su je su ƙirga.

Bayan an fara ruwa na shiga jirgi na tafi Shanga. Na same ta a bayan ɗaki tana juya kifi a kan ragar banda, awaki suna kewaye da ita. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo neman gafara, na kuma zo roƙo ta dawo.

"Hedimasta, mutum nawa ka gani nan?"

"Ke kaɗai, Inna."

"Da awaki huɗu. Ran da ka kore ni mutum nawa?"

Na sunkuyar da kai.

"Korar ba ta dame ni ba, yaro ne ya yi fushi. Amma jikokina an fara ce musu jikokin mai baki. Ka zubar da ni a kasuwa, ka zo kwasa ta a bayan ɗaki? Ran kasuwar Wara ka tsaya a rumfar masu banda, ka faɗi abin da ya ruɓar da kifinka. In ka faɗa, ko ba ka aiko ba ni zo."

"To, Inna. Kasuwa mai zuwa in Allah ya so."

Kasuwa ta zo, na sa babbar riga na tafi har bakin rumfar. Na hango abokan Yaya a teburin mai shayi, sai na sayi gishiri na dawo. Kasuwa ta gaba na ce bari ɗalibai su gama jarrabawa. Ta gaba na ce in na faɗa yanzu iyaye za su janye 'ya'yansu, makaranta ta mutu, maƙiya su yi dariya. Na gaya wa kaina makaranta nake karewa. Ƙarya ne. Mutumin da ya iya tsayawa gaban gari duka ya ce ba zai bar aikin Fada ba, ba tsoron gari ne ya hana shi ba. Ba na so ne Yaya ya ji na ce na yi kuskure, ko da a kan kifi ne. Hajo takan tambaye ni duk ranar kasuwa da yamma, Malam, an faɗa? Daga baya ta daina tambaya. Kafin baƙin ruwa, cikar kogi ta lokacin sanyi, ya iso a shekarar, wani masunci ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce tsohuwar nan taku ta Shanga ta rasu, an binne ta shekaranjiya.

Yaya ma ya rasu, mun shirya kafin nan, ni na yi masa wanka. Fada ya koma ƙasarsu. Matan da suka yi layi gaban sikeli ranar nan saura ƙalilan. Amma jikokin Inna Laraba suna nan, kuma na ji har yau akwai gidajen da ke hana su aure.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. In an yi muku gorin Fada, kada ku ba kowa haƙuri a madadina, ku ɗaga kai ku wuce. Amma ke Asabe, ke ce babba kuma ke ce mai murya, ƙafafuna ba sa kai ni kasuwa yanzu. Ki ɗauki wannan babi ran kasuwar Wara, ki sa a kira jikokinta daga Shanga, ki tsaya a rumfar masu banda da rana tsaka lokacin da ta fi cika, ki karanta shi tun daga farko, kada ki tsallake inda na ce ta koma madafa. Ki ce musu Inna Laraba ba ta yi wa kifin nan komai ba, ita kaɗai ce ma ta yi ƙoƙarin ceton sa, kuma Umaru ya sani tun ranar farko. Ku kuma sauran, in kun zubar da mutum a gaban jama'a, kada ku jira kasuwa mai zuwa.